Rufin Sama da Ya Kawo Landan Cikin Zaure

Ranar 12 ga Disamba 1901 injiniya Marconi ya ce ya kama siginar rediyo daga Poldhu ta Ingila alhali yana Newfoundland, tazarar da ta haura kilomita 3,000. Masana da yawa suka yi tababa, domin doron ƙasa a lanƙwashe yake, igiyar rediyo kuwa miƙe take tafiya. A 1902 wasu masana biyu, Kennelly da Heaviside, suka ce lallai akwai wani rufi can sama da ke maido da igiyar ƙasa, wani masanin kuma, Appleton, ya tabbatar da haka a 1924. A ganina, a kan wannan rufi aka gina al'adar sauraron gajeren zango a ƙasar Hausa, tun kafin BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979.

Hasken rana ne ke caja iskar da ke can sama, saboda haka halin rufin yakan sauya tsakanin dare da rana. Shi ya sa tashoshi ke sanar da mita 16 ko 19 da rana, da dare su koma 41 ko 49. Dattijon da ya zuƙe eriya har ƙarshe, ya ɗaura mata guntuwar waya ya rataya a ƙusa, yana murɗa rediyo sannu a hankali, aikin injiniya yake yi: yana ƙara tsawon eriya don ta kamo sigina mai rauni. Muryar da ke tashi tana faɗuwa kuwa sau da yawa igiya ce ta iso ta hanyoyi biyu, wani sa'in su ƙarfafa juna, wani sa'in su danne juna. Don rage wannan wahala BBC ta kafa tashar maimaita shirye-shirye a tsibirin Ascension a 1966.

Wani zai ce labarai ne suka ja hankalin mutane, igiya kuwa jaki ce mai ɗaukar kaya, kuma FM ya fi ta tsabtar murya nesa ba kusa ba. Maganar tsabta gaskiya ce. Amma FM ba ya wuce inda hasumiyarsa ke hange sosai, dole a kafa shi a cikin gida da lasisin hukuma. Da Nijar ta dakatar da BBC na wata uku a Disamba 2024, tashoshin cikin gida da ke maimaita shirye-shiryen aka iya hanawa. Igiyar da ke faɗowa daga sama ba ta bi ta hannun mai ba da lasisi ba, mai batir biyu a ƙauye kuma yana iya lalubo ta.