Gwajin Aikin Ƙwaƙwalwa da Jinyar Tattaunawa ga Manya

Gwajin aikin ƙwaƙwalwa hanya ce da masanin halayyar ɗan Adam yake bi domin ya auna yadda ƙwaƙwalwar babban mutum take aiki: tunawa, natsuwa, magana, lissafi, gane wuri da tsara abin da za a yi. Jinyar tattaunawa kuwa ita ce magance damuwar zuciya ta wurin zama da magana bisa tsari. Masanin ba ya rubuta magani, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, amma a manyan asibitoci tare suke aiki.

Waɗanda aka fi kaiwa gwaji su ne wanda ya tashi daga shanyewar ɓarin jiki, da wanda ya bugu a kai a hatsarin babur, da mai farfaɗiya, da wanda ya yi sanƙarau, da kuma tsofaffin da mantuwa ta fara yi musu yawa. Na ƙarshen nan ne aka fi cuta. Idan tsohuwa ta fara fita da dare, tana kiran sunayen matattu, tana zargin surukarta da sata, sai a ce gigin tsufa ne a ƙyale ta, wani wurin ma a jefe ta da maita. Alhali kuwa ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kuma ana iya auna shi.

Yadda ake gwajin

Masanin yakan fara da hira, da mai ciwon da kuma wani na gida wanda ya san shi tun yana lafiya. Yaushe abin ya fara? Farat ɗaya ne, ko a hankali? Yana iya cefane ya karɓi canji daidai? Sa'an nan a shiga ayyuka. A faɗa masa kalmomi biyar, a ce ya maimaita su bayan 'yan mintoci. A ce ya ambaci dabbobi iya yawan da zai iya cikin minti ɗaya, ko ya riƙa cire bakwai daga ɗari. Gajeren gwaji irin MoCA, wanda aka tsara a Kanada, maki 30 ne kuma bai fi minti goma zuwa sha biyar ba. Cikakken gwaji yakan ɗauki awoyi. Tushen wannan ilimi yana komawa ga masana irin su Alexander Luria na Rasha, wanda ya duba sojojin da harsashi ya sama a kai a Yaƙin Duniya na Biyu, ya ga cewa kowane sashen ƙwaƙwalwa da ya lalace da irin aikin da yake tafiya da shi.

A nan akwai matsala babba wadda ya kamata iyali su sani. Yawancin gwaje-gwajen an yi su ne don mutanen da suka yi makaranta. Ka ba dattijon da bai taɓa riƙe fensir ba takarda ka ce ya zana agogo, ko ka nuna masa hoton karkanda ka ce ya faɗi sunanta, zai fāɗi, ko da shi ne yake riƙe da lissafin gonar dangi duka a kansa. Saboda haka ne Farfesa Olusegun Baiyewu da abokan aikinsa na Ibadan suka fito da gwajin tsinken ashana, wanda aka buga a 2005: a jera tsinke huɗu a wata siffa, a ce mutum ya jera irinta. Da wannan da wasu gwaje-gwaje likitocin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka auna tsofaffi 322 a Zariya, binciken da aka buga a 2011, suka sami ciwon mantuwa a kusan kashi 3 cikin ɗari, mafi yawansu irin na Alzheimer. Wato galibin tsofaffi hankalinsu garau yake, tsufa shi kaɗai ba ya kawo ruɗewa. Ya kamata iyali su nemi a yi gwajin da harshen da mai ciwon ya fi ji, su kuma faɗi gaskiyar iyakar karatunsa.

Babban amfanin gwajin shi ne rarrabewa. Ciwon damuwa mai tsanani yakan yi kama da ciwon mantuwa, musamman ga wanda ya rasa abokin zama ko ya bar aiki. Sau da yawa mai damuwa shi da kansa yake kukan mantuwa, yakan ce "ban sani ba" tun bai gwada ba. Mai ciwon mantuwa kuwa yakan yi ƙoƙari ya ba da amsa ba daidai ba, kuma 'yan gida ne suka fi shi lura. Na farko yana warkewa. Haka ma ruɗewar da ƙarancin bitamin B12 ko ciwon maƙoƙo ko wasu magunguna suke kawowa, shi ya sa likita yakan haɗa da gwajin jini.

Jinyar tattaunawa

Hanyar da aka fi amfani da ita ita ce wadda Aaron Beck ya tsara a Amurka a shekarun 1960. Ya lura cewa mai damuwa yana da tunanin da ke faɗo masa ba shiri, kamar "na zama kaya a wuyan 'ya'yana", kuma tunanin ne ke sa shi ya shige ɗaki ya daina hulɗa, shigewar kuma ta ƙara masa baƙin ciki. Masanin yakan taimake shi ya kama tunanin, ya auna shi da abin da yake faruwa a zahiri, ya koma ƙananan ayyuka ɗaya bayan ɗaya. Akan zauna sau ɗaya a mako, kusan awa guda, sau da yawa ba a wuce zama 20 ba, kuma abin da aka faɗa a ɗakin sirri ne. Wannan ba ya hana addu'a ko ziyarar fasto da zumuntar mata. Fasto ma shi ne yakan fara jin labarin, don haka yana da kyau ya san lokacin da zai ce a tafi asibiti. Sa dangi cikin jinya tsohon abu ne a ƙasar nan. Tun 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo yake saukar da marasa lafiya a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi.

Inda za a je

Mutumin Ƙofar Doka ya saba da tsohon asibitin koyarwa na Tudun Wada, amma tun 2005 babban asibitin ya koma Shika, kuma yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A tafi da duk magungunan da mai ciwon yake sha, da tabarau idan yana sawa, ya kuma karya kumallo. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba shi haƙƙin a yi masa bayani a kuma tsare sirrinsa.

Abu biyu ba sa jiran ranar gwaji. Idan ruɗewa ta zo farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, a nufi sashen gaggawa nan take. Haka kuma idan mutum ya fara maganar kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai har sai ya ga likita.