Birnin Da Aka Gina A Kan Birni

Ni kaɗai na shiga dandalin Zokalo da ke tsakiyar birnin Meziko da sassafe, ba ɗan rakiya, ba tafinta. A nan Tenochtitlan take a da, babban birnin Aztek da aka kafa a 1325 kan tsibiri cikin tafkin Texcoco. Ranar 13 ga Agusta 1521 dakarun Hernan Cortes na Sifaniya da ƙawayensu 'yan ƙasa suka ci garin, suka kama Sarki Cuauhtemoc. Daga baya aka rushe babban wurin bautarsu, aka aza sabon birni kan kufai.

Sai a 1978 ma'aikatan lantarki suna haƙa suka ci karo da wani faskeken dutse mai sassaƙen gunkiya Coyolxauhqui. Shi ya jawo tonon Templo Mayor, inda na wuni ina zagayawa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, babbar majami'ar da masu nasara suka gina kusa da wurin tana ta nutsewa a hankali, domin kan lakar tafki take.

Kashegari na hau bas zuwa Teotihuacan, kimanin kilomita 50, garin da su Aztek ɗin ma kango suka tarar da shi. Ka ji fa mai karatu, duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya.