KANAR RUDOLF PETERSHAGEN DA GARIN DA BAI ƘONE BA

Iyayenmu da suka je Bama sun bar mana labarin Yaƙin Hitila ta ɓangaren da suka gani da idonsu. Bana na so in kawo wa masu karatun mujallarmu labarin wani hafsan sojan Jamus, wanda aka ba shi amanar gari domin ya yi yaƙi a cikinsa, ya ƙi, daga baya kuma ya zama kansila a wannan gari.

An haifi Rudolf Petershagen a Hambug a shekarar 1901. Soja ne tun ƙuruciya, ya yi wa gwamnatin Hitila yaƙi a Rasha, ya sami lambar yabo ta jarumtaka a 1942, sa'an nan aka fito da shi daga Stalingrad da mummunan rauni. Wato dai kada mai karatu ya ɗauke shi waliyyi. A farkon 1945 aka naɗa shi kwamandan Greifswald, wani tsohon gari a gaɓar Tekun Baltik, mai jami'ar da aka kafa tun 1456, wanda a lokacin asibitocinsa suka cika maƙil da raunanan sojoji, titunansa kuma da 'yan gudun hijira.

A watan Afrilu na wannan shekara rundunar Sobiyet ta doso garin. Umarnin da ya fito daga Balin a fili yake: duk kwamandan da ya miƙa gari hukuncinsa kisa, gidan da aka ɗaga farar tuta kuwa a harbe mazan da ke cikinsa. Petershagen ya san haka sarai. Ya kuma san cewa 'yan dakarun da ke hannunsa ba za su tare komai ba, iyakarta su jawo wa garin ruwan wuta. Saboda haka a daren 29 ga Afrilu ya tura wakilai zuwa Anklam, mai nisan kimanin kilomita 35, domin su gana da hafsoshin Sobiyet. Cikinsu akwai shugaban jami'a Farfesa Carl Engel, da babban likita Farfesa Gerhardt Katsch, da mataimakinsa Kanar Max Wurmbach. Sun tarar da Anklam tana ci da wuta. Kashegari, 30 ga wata, ranar da Hitila ya kashe kansa, aka miƙa Greifswald a zauren majalisar gari ba tare da an gwabza ba. Demmin da ke maƙwabtaka da su ta ƙone a kwanakin nan, ɗaruruwan mazaunanta suka kashe kansu saboda tsoro da abin da aka yi musu.

Sakayyar farko da ya samu ita ce zaman fursunan yaƙi a Tarayyar Sobiyet har 1948. Da ya dawo sai ya shiga jam'iyyar NDPD, wadda hukumomin gurguzu suka kafa domin ta tattara tsofaffin sojoji da tsofaffin 'yan Nazi, ya yi aikin ƙaramar hukuma a Greifswald da tsibirin Usedom. A 1951 ya je Munik, Amurkawa suka kama shi bisa zargin leƙen asiri, kotun soja ta ɗaure shi, bai fito ba sai 1955. Mutum ɗaya ya ɗanɗana kurkukun Gabas da na Yamma! A shekarar da ya fito garin ya ba shi sarautar ɗan gari na girmamawa. Ya rubuta littafin tarihin rayuwarsa, gidan talabijin na Jamus ta Gabas ya mai da shi fim a 1961, ya rasu a 1969.

A nan ne nake ganin tarihi bai yi adalci ba. Gwamnatin Jamus ta Gabas tana bukatar gwarzo, hafsan Hitila da ya tuba ya rungumi Sobiyet, sai ta ɗora kusan dukkan yabon a kansa. Waɗanda suka ɗauki ransu a hannu suka shiga mota cikin dare fa? Wurmbach ya mutu a tsare a hannun Sobiyet. Engel ya mutu a 1947 a sansanin Fünfeichen, inda mutanen da ya je ya roƙa suka kulle shi. Ambaton irin wannan mutuwa abin kunya ne ga gwamnati, don haka aka yi shiru shekara da shekaru, sai bayan haɗewar Jamus a 1990 aka fara faɗinta a bainar jama'a. Ban ce Petershagen bai cancanci yabo ba, domin wuyansa ne igiyar za ta fara hawa. Amma shawarar ta mutane da yawa ce.

Wani abin takaici ga duk mai kishin garinsu shi ne makomar gidajen da aka ceta. Tsofaffin gine-ginen da igwa ba ta taɓa ba, rashin gyara ya cinye su a zamanin lafiya. A shekarun 1970 da 1980 aka rushe unguwanni na tsohon garin, musamman ta wajen tashar jiragen ruwa, aka jera benayen kankare a gurbinsu. Abin da ya saura aka farfaɗo da shi bayan 1990, kuma har yau akwai titi a Greifswald mai ɗauke da sunan Petershagen.