Daga fam 5 zuwa fam 29,000: Tarihin sharaɗin kuɗi na zama a Ingila

Maƙalarmu ta wannan makon za ta duba wani sharaɗi da ya raba ma'aurata da dama, ciki har da 'yan Najeriya da suka yi aure a Birtaniya: adadin kuɗin da dole mutum ya riƙa samu kafin a bar matarsa ko mijinta su zo su zauna tare.

Abin ya samo asali tun 1905, lokacin da majalisar Birtaniya ta yi dokar baƙi. A wancan zamani Yahudawa ne ke kwarara daga Rasha da gabashin Turai suna gudun zalunci, mafi yawansu talakawa. Dokar ta ba jami'an tashar jiragen ruwa ikon mayar da wanda ba zai iya ciyar da kansa ba. A aikace, ana neman baƙo ya nuna fam 5, da ƙarin fam 2 kan kowane mutum da yake ɗauke da nauyinsa.

Shekaru da yawa bayan haka babu wani ƙayyadadden albashi ga mai son kawo iyalinsa. Abin da ake so kawai ya nuna zai iya riƙe su da ba su masauki ba tare da dogaro da tallafin gwamnati ba.

Ranar 9 ga Yuli, 2012 lissafin ya sauya. Theresa May, wadda take sakatariyar harkokin cikin gida, ta kafa sharaɗin fam 18,600 a shekara. Idan akwai yaro ɗaya wanda ba ɗan ƙasa ba, adadin ya koma 22,400, kowane ƙarin yaro kuma 2,400. Wanda ba shi da albashin sai ya nuna ajiyar fam 62,500. Inda gizo ke saƙa shi ne, idan daga waje ake nema, albashin ɗan Birtaniyan ake dubawa, ba a lissafa abin da matar ko mijin zai samu idan ya iso.

A 2015 Kwamishinar Yara ta Ingila ta ƙiyasta cewa aƙalla yara 15,000 ne dokar ta shafa, wasunsu ba sa ganin uba ko uwa sai ta kiran bidiyo. Maganar ta kai Kotun Ƙoli, wadda a Fabrairun 2017 ta ce sharaɗin bai saɓa doka ba, amma gwamnati ta gaza kula da maslahar yara, dole ta gyara.

A Disambar 2023 James Cleverly ya sanar da niyyar ɗaga adadin zuwa fam 38,700. Da suka ta yi yawa, sai aka ce za a bi mataki-mataki, aka fara da 29,000 daga 11 ga Afrilu, 2024, ajiya kuma ta koma 88,500. Gwamnatin Labour da ta hau a Yulin shekarar ta dakatar da ƙarin, ta miƙa batun ga kwamitin ba da shawara kan ƙaura.

Hujjar gwamnati tun 1905 ɗaya ce: kada baƙo ya zama nauyi kan masu biyan haraji. Masu suka kuwa na cewa dokar ta fi danne mata, matasa da mazauna garuruwan da albashi bai kai na Landan ba. Ma'aikacin da ke aiki cikakken lokaci kan mafi ƙarancin albashi bai kai 29,000 ba, ko da ɗan ƙasa ne tun kaka da kakanni.

Saboda haka, duk mai shirin aure da wanda ke can, ya yi wannan lissafi tun kafin a kai kuɗin gaisuwa. Ku faɗi ra'ayinku a ƙasa: shin albashi ya isa ya zama ma'aunin zaman iyali?