Daga Fatoma Zuwa Kati: Wa Ke Cin La'adar Baƙo a Kudancin Kaduna?

A Barnawa yanzu ana kama masauki ba tare da an yi wa kowa sallama ba. Mutum yana Abuja ko Landan, ya duba hotunan falo da kicin a wayarsa, ya shigar da lambobin katinsa, banki ya turo masa lambar sirri ya saka, shi ke nan gida ya zama nasa na kwana uku. Mai gidan bai ga fuskarsa ba, wataƙila har ya tafi ba za su haɗu ba. Maigadi ne zai miƙa makulli. Irin waɗannan gidaje da ake ba da su haya ta 'yan kwanaki da kayan ɗaki da komai, waɗanda 'yan boko ke kira shotlet, sun yawaita a Barnawa da Narayi da kewaye. Masu biki ke kama su, da ma'aikatan ƙungiyoyi, da 'yan gida mazauna waje idan sun zo hutun ƙarshen shekara. Da kakanninmu sun ga haka sai su ce cinikin biri a sama ake yi. Amma saukar baƙo don riba tsohuwar sana'a ce a wurin Bahaushe. Abin da ya sauya shi ne wanda ke riƙe da kuɗi, da wanda ke tsaya wa wani, da wanda ke cin la'ada.

A zamanin da ayari ke tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro, farke ba ya shiga baƙon gari ya tsaya kallon hanya. Yana da mai masauki, wanda ake kira fatoma ko mai gida. Shi zai ba shi ɗaki da tuwo, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya nemo masa mai saye. Shi ne kuma bankinsa. Lokacin da Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ke daidai da dalar azurfa guda, don haka kuɗin ciniki babba kaya ne na jaki, ba abin da mutum zai kwana da shi ƙarƙashin matashi ba. Dole a damƙa wa wani. Abin lura shi ne, galibi ba kuɗin ɗaki fatoma ke nema ba. Ɗakin ƙugiya ne kawai. Ribarsa tana cikin cinikin da za a ƙulla ta hannunsa.

Abner Cohen, wanda ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960 ya kuma fitar da littafinsa a 1969, ya tarar da tsarin yana nan da ƙarfinsa a cinikin shanu da goro. Mai shanu daga Arewa ba ya san mahautan Yarabawa, kuma bashi ake sayar musu. Wa zai yarda ya bar garkensa hannun wanda bai sani ba, ya jira biya? Mai gida ne ke shiga tsakani. Dillalansa sun san kowane mahauci, wanda ke biya da wanda ke da taurin bashi, kuma idan kuɗi suka maƙale, shi baƙo mai gidansa ya sani. Jarinsa na gaskiya sunansa ne. Ranar da aka ji ya ci amanar baƙo ɗaya, labari zai riga jirgi isa Kano.

Kaduna kuwa gari ne da aka gina shi da baƙi. Ba ta da ganuwa, ba ta da tsohon birni. Ƙasar Gbagyi ce da Turawa suka zaɓa, suka kwaso hedikwatar Arewa daga Zungeru suka kawo a 1917. Tun farko kogi ya raba aiki. Gwamnati da barikin soja da gidajen manya suna arewa. A kudu kuma aka yi mahaɗar jirgin ƙasa, inda layin Legas zuwa Kano ya haɗu da wanda ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan a ƙarshen shekarun 1920. Daga nan sai masana'antu suka biyo dogo: masaƙar KTL a Kakuri a 1957, zamanin Sardauna, sai su Arewa Textiles da UNTL, sai kamfanin haɗa motocin Peugeot a 1975, sai matatar mai a 1980. Tibi da Idoma da Bajju da Atyap da Inyamurai da Yarabawa da Hausawa duk suka kwararo Kakuri da Makera da Nasarawa.

Wanda ya sauka daga jirgi da akwatinsa a wancan lokaci ba otal yake nema ba. Hamdala da Durbar, wanda aka gina don bikin FESTAC na 1977, suna can tsallaken gada, na manya ne. Shi ɗan garinsu yake nema. A ɗakinsa zai shimfiɗa tabarma, shi zai kai shi ƙofar masaƙa, shi zai kai shi wurin mai gidan haya ya ce, "Ƙanena ne, na tsaya masa." Kuɗin haya kuma a hannu ake ƙirga su ƙarshen wata. Fatoma ne dai, ya sa kakin ma'aikata.

Abubuwa biyu suka karya wannan zama. Masaƙu suka mutu, KTL a 2002, UNTL a 2007, dubban mutane suka rasa albashin da ake tsaya wa juna a kansa. Sannan rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 suka mai da kogi iyaka. Kiristoci da yawa suka sayar da gidajensu suka tsallako kudu, Musulmi da yawa suka koma arewa, har bakin mutane ya kama kiran wannan ɓangare Makka, wancan Kudus. Tambayar "ina zan kwana?" ta tashi daga maganar kuɗi ta koma maganar rai. A ganina wannan yana cikin dalilan da suka sa Barnawa, inda har yau ake zaune a cakuɗe, ta zama wurin da baƙo daga kowane ɓangare zai iya sauka hankalinsa kwance. Kuma a gari irin wannan, hanyar kama ɗaki da ba ta tambayar sunan mahaifinka ko inda kake ibada ba ƙaramin abu ba ce. Wannan yabo kati ya cancance shi.

Shi kati, idan aka cire masa rigar zamani, aikin fatoma yake yi. Diners Club ya fara a New York a 1950 don mutum ya ci abinci inda ba a san shi ba, kamfani ya tsaya masa. Bankin Amurka ya fitar da nasa a 1958, wanda ya koma Visa a 1976. A Najeriya sai da aka kafa Interswitch a 2002 sannan na'urorin bankuna suka fara jin yaren juna sosai, katin Verve ya biyo baya a 2009. Babban Banki ya gwada tsarin rage yawo da tsabar kuɗi a Legas a 2012, ya faɗaɗa shi ƙasa baki ɗaya a 2014, shekarar da aka fara lambar BVN. Paystack a 2015 da Flutterwave a 2016 su suka sauƙaƙa wa ƙaramin ɗan kasuwa karɓar kati ta intanet ba tare da ya yi ta sintiri a banki ba. Sai dai a lura: katin bashi na ainihi, wanda banki ke biya maka ka rama daga baya, bai taɓa yin kasuwa a nan ba. Bankuna ba su yarda da mu ba, da yawanmu kuma ba mu yarda da kuɗin ruwa ba. Abin da ke aljihun yawancin mutane katin cirar kuɗinsu ne. Katin bashi yakan zo ne a hannun ɗan uwa daga Ingila ko Amurka.

To, ya lamarin yake a wurin mai gida a Narayi? Baƙo ya biya, amma kuɗin ba hannunsa suke fara faɗawa ba. Kamfanin da ke tsakani zai riƙe, ya yanki nasa, ya turo saura washegari ko bayan haka. Paystack ya daɗe yana karɓar kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100 a katin gida, ba ya wuce naira 2,000, katin waje kuma kashi 3.9. Idan ta Airbnb aka zo, kamfanin da aka kafa a San Francisco a 2008, kuɗin na hannunsa har sai baƙo ya shiga gida da kamar kwana guda. Sannan ga abin da ya fi ci wa masu gidaje rai: mai kati yana iya zuwa bankinsa bayan makonni ya ce ba shi ya yi cinikin ba, ko an sace masa lambobi. Sai a janye kuɗin, a ce mai gida ya kawo hujja. An riga an kwana, an sha sanyin na'ura, man janareta ya ƙone.

Ka ga an rarraba gadon fatoma. Ajiyar kuɗi ta koma banki. Tsayawa ta koma hannun kamfanin kati, kuma idan gardama ta taso, mai katin ake fara saurara. Sanin halin mutum, wanda dā dillali ke tarawa a kasuwa shekara da shekaru, ya koma taurari biyar da baƙi ke dannawa a waya. La'adar da mai masauki ke ci, yanzu shi ke biyan ta, ga kamfanonin da ke Legas da Kalifoniya. An bar shi da ɗaki, da wanki, da neman ruwa da wuta, wato ɓangaren da kakansa ke bayarwa kyauta.

Ba wai yana da zaɓi sosai ba. Sauyin takardun naira da Godwin Emefiele ya sanar a Oktoban 2022 ya sa tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023, har mutane suna sayen naira da naira a wurin masu POS. Gwamnatin Kaduna, tare da na Kogi da Zamfara, ita ta kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke a ranar 3 ga Maris 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu. Kafin a kai nan, mai shayi ma ya liƙa lambar asusunsa a jikin tebur, balle mai gidan baƙi.

Shi ya sa yawancin masu wannan sana'a a kudancin Kaduna suka kama tsakiya. Talla a Instagram, ciniki a WhatsApp, biya ta taransifa, domin ita idan ta shiga da wuya ta fita, kuma ba mai yankar kaso. Ita ma da nata ciwon, wato alat na bogi, don haka ba a ba da makulli sai an buɗe manhajar banki an gani da ido. Ana karɓar kafin alƙalami, ana riƙe wani abu saboda ɓarna, ana neman hoton katin ɗan ƙasa, musamman tun da garkuwa da mutane ta sa kowa tsoron wanda zai kwana a gidansa. Kati an bar shi ga na waje da wanda ba shi da kowa a gari. Na kusa kuwa, kafin a turo masa lambar asusu, sai an tambaye shi wa ya ba shi lambar wayar, kuma idan ya ambaci sunan da aka sani, sau da yawa ana yafe masa kuɗin ajiyar.