Makarantar da Robar Man Gashi ce Littafinta: Tarihin 'Ya'yan Masu Kwashe Sharar Alƙahira

A wannan makon Masar za mu leƙa, sai dai ba za mu bi ta Azhar ko dalar Fir'auna ba. A gabashin birnin Alƙahira, gindin duwatsun Muƙaɗɗam, cikin yankin Manshiyat Nasir, akwai wata unguwa da kusan kowane gida a cikinta shara ce jarinsa. Ana kiran mutanenta Zabbalin, daga kalmar Larabci zibala, wato shara. A unguwar akwai makarantar da aka buɗe a farkon shekarun 2000, inda yaro ke zuwa da buhun robobin man wanke gashi a kafaɗa, kuma da robobin ake koya masa karatu da lissafi. Ba za a gane makarantar ba sai an san yadda kakannin yaran suka shiga shara, don haka bari mu koma baya kamar shekara 100.

A farkon ƙarni na 20 wasu mutane suka baro dausayin Dakhla da ke cikin hamadar yammacin Masar suka zo Alƙahira neman abinci. An sa musu suna Wahiya, ma'ana mutanen dausayi. Suka shirya da masu gidaje, suna bi ƙofa-ƙofa suna karɓar shara, su shanya ta ta bushe, su sayar wa gidajen wanka na haya da masu dafa wake, a yi makamashi da ita. Sana'ar ta yi ta tafiya har man fetur da kananzir suka yawaita, kasuwar busasshiyar shara ta fara mutuwa.

Daidai wannan lokaci, a shekarun 1930 da 1940, wani ayarin ya iso daga kudu, daga ƙauyukan lardin Asyut. Manoma ne da ba su da gonar kansu, kuma mafi yawansu Kibɗawa ne, wato Kiristocin Masar. Su suna da abin da Wahiya ba su da shi. Wahiya Musulmi ne, ba sa kiwon alade, su kuwa baƙin suna kiwonsa, alade kuma ba ya barin ragowar abinci. Sai aka raba aiki. Wahiya suka riƙe unguwanni da kuɗin da masu gida ke biya, baƙin suka ɗauki wahalar hawa bene da jan amalanken jaki, ladansu shi ne sharar kanta. Ruɓaɓɓen abinci ya tafi garke, takarda da gwangwani da kwalba da tsumma suka tafi wurin dillalai. A lura da wannan rabo, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya tsaya: mutumin da ba a biyansa sai da abin da ya tsinta ba zai bar komai ya salwanta ba.

Birni yana son a kwashe masa shara, amma ba ya son ganin mai kwashewa a maƙwabtaka. Duk inda Zabbalin suka kafa bukkokin kwano a bayan gari, da gari ya girma ya iske su sai a tashe su. Wajen 1970 aka kore su daga Imbaba a ɓangaren Giza, suka tare a wani tsohon wurin fasa dutse a Muƙaɗɗam, ba ruwa, ba wuta, ba makaranta, ba asibiti. A 1976 gobara ta cinye unguwar. Bayan gobarar ne, da kuma gina cocin farko, mutane suka fara yarda cewa nan ɗin gida ne, suka fara gini da bulo da dutse. A 1981 aka fara wani shiri da tallafin Bankin Duniya da wasu gidauniyoyi, aka shigo da ruwa da lantarki, aka kuma ba da ƙananan rance don sayen injinan markaɗa roba da na matse takarda da na yagar tsumma. Daga nan masu tsinta suka fara zama masu sarrafawa, riba ta daina tsayawa a hannun dillali kaɗai.

Ga yadda rana take a gidan Zabbalin. Tun kafin asuba uba da 'ya'yansa maza sun fita, su bi gidajen da suka saba, su dawo da kaya kafin rana ta take. Sai uwa da 'yan mata su zauna a tsakar gida, ko a ƙasan bene, su yi ta rarrabewa da hannu har yamma. Roba ba iri ɗaya ba ce a wurinsu, ana ware ta bisa nau'i da launi, kowace da farashinta. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne suna sake amfani da kusan kashi 80 cikin 100 na abin da suka kwaso, adadin da biranen Turai da yawa ba su kai ba. Kada wannan lissafi ya sa mu manta da kuɗin da jiki ke biya. A cikin sharar akwai fasasshiyar kwalba da allurar asibiti, ciwon hanta da raunuka sun zama abokan zama, kuma yaron da ya fita aiki tun cikin dare ba zai yi layi a makarantar gwamnati ƙarfe bakwai da rabi ba.

A nan Laila Iskandar ta shigo labarin. 'Yar boko ce da ta yi karatu a Masar da Amurka, ta fara zuwa unguwar a farkon shekarun 1980 don koyar da yara. Abin da ta gane da wuri shi ne, idan ka ce wa iyaye su saki yaro ya bar aiki ya zo aji, ka ce musu su rage abin sawa a baki ke nan, kuma ba za su yi ba. Sai ta juya tambayar: ta yaya karatu zai shiga cikin aikin? Tare da wata ƙungiyar kare muhalli da aka kafa a unguwar a 1984 aka buɗe wurin saƙa na 'yan mata. Masaƙun zamani na ba da ƙyallayen da suka yi saura, 'yan mata na saƙa darduma da su a kan masaƙar hannu, a sayar, a ba su rabonsu. A tsakanin saƙa ake koyar da karatu da tsafta. Lissafi kuwa shi ya kawo kansa, tunda mai saƙa dole ta auna tsawo da faɗi, ta san nawa ta kashe nawa ta samu. Wannan aiki ne ya sa aka ba Laila lambar yabo ta Goldman kan muhalli a 1994.

Samari fa? Su suna kan titi, darduma ba za ta zaunar da su ba. Mafitar ta fito daga inda ba a zata ba, wato daga masu haɗa jabu. A kasuwannin Masar akwai masu sayen robobin man wanke gashi da aka gama amfani da su, su wanke, su ɗura wani ruwan sabulu na banza, su sayar da sunan na gaske. Ina suke samun robobin? A bola, mana. Kamfanin Procter & Gamble, mai Pantene da Head & Shoulders, yana asara, sunan kayansa yana ɓaci. Sai aka ƙulla yarjejeniya, da sa hannun UNESCO a farkon tafiyar: samarin Muƙaɗɗam za su tattaro robobin kamfanin kafin su faɗa hannun masu jabu, su kawo makaranta, a markaɗe su a inji, kamfani ya biya kan kowace roba. Garin robar kuma a sayar wa masu narkawa, makaranta ta samu abin gudanarwa.

A nan nake so mu ɗan tsaya, don hikimar tana cikin ƙananan abubuwa. Kamfani ba zai biya ba sai da takarda. Dole yaro ya karanta sunan da ke jikin roba don ya san ta kamfanin ce ko ba tasa ba ce, sunayen kuma wasu da Larabci suke wasu da Ingilishi. Dole ya ware manya da ƙanana, ya ƙirga kowane rukuni, ya ninka da farashi, ya rubuta a fom, ya sa hannu. Idan ya yi kuskuren ninkawa aljihunsa ne zai gaya masa, ba bulalar malam ba. Daga fom sai a hau kwamfuta, a koyi shigar da lissafin a jadawali. Daga nan sai taswira, domin mai bin unguwanni yana bukatar sanin hanya. Ana haɗawa da darasin kare kai daga rauni da cuta, da sanin haƙƙin ɗan ƙasa, da wasan kwaikwayo, inda yaran ke nuna tarihin kakanninsu da suka baro Asyut. Lokacin zuwa makaranta ma an sake shi, yaro na zuwa idan ya gama kewayensa. Waɗanda suka yi nisa sukan samu takardar yaƙi da jahilci, wasu su zauna jarrabawar gwamnati. Tun daga 2004 wata ƙungiya ta 'ya'yan unguwar, ƙarƙashin Izzat Na'im wanda shi ma jikan masu kwashe shara ne, ta karɓi ragamar makarantar.

Mu da muka saba jin "wayar da kan matasa kan tsaftar muhalli", hoton da ke zuwa mana shi ne wani mai babbar riga a gaban allo yana gaya wa yara leda na toshe magudanar ruwa. A Muƙaɗɗam ɗalibi ya fi malami sanin shara nesa ba kusa ba. Yaro ɗan shekara 14 zai taɓa roba ya gaya maka nau'inta da kuɗinta. Abin da ya rasa shi ne harafi da lamba da bakin da zai tsaya gaban jami'i ya yi magana, su kuma makarantar ta ba shi. Ga duk cikinmu mai shirin sa ɗan jari bola a labarinsa, ya tuna da wannan kafin ya mai da shi abin tausayi ko ɓarawon ƙarfe kawai.

Akwai masu sukar tsarin, kuma sukarsu ba ta banza ba ce. Sukan ce makarantar ba ta fitar da yaro daga bola ba, ta dai gyara masa zama a cikinta, kuma babban kamfani ya samu masu gadin sunansa da araha. Ni ina ganin rabin maganar gaskiya ne. Amma zaɓin da ke gaban yaran a lokacin ba tsakanin wannan makaranta da wata mai kyau ba ne, tsakaninta ne da babu.

Makarantar ba ta daɗe da buɗewa ba ƙasa ta motsa a ƙarƙashin sana'ar gaba ɗaya. A 2003 hukumomi suka ba kamfanonin Sifaniya da Italiya kwangilar kwashe sharar Alƙahira ta shekara 15, aka ɗora kuɗin a kan takardar wutar lantarki. Kwangilar ta nemi su sake sarrafa kashi 20 cikin 100 kacal, saura a binne. Kamfanonin suka ajiye manyan mazubai a bakin titi, alhali mutanen birnin sun saba a zo har ƙofar ɗaki a karɓa. Da yawa suka ci gaba da kiran Zabbalin, suna biya sau biyu. Wasu Zabbalin ɗin suka koma lebura a ƙarƙashin kamfanonin, albashi kaɗan, kuma shara ba tasu ba.

Fim ɗin Garbage Dreams na Mai Iskander, wanda ya fito a 2009, ya bi samari uku na unguwar a waɗannan shekaru. Ɗaya ya kama aiki da kamfanin baƙin. Biyu aka kai su yankin Wales na Birtaniya su ga yadda ake yi a can, suka ga injina na zamani, suka kuma ga abubuwa masu daraja na wucewa zuwa rami ba wanda ya miƙa hannu. Abin da ya burge su shi ne yadda magidanta ke raba shararsu tun daga gida. Wannan shi ne kamfen ɗin da makarantar ta ɗauka: ɗalibanta da malamanta suka riƙa ƙwanƙwasa ƙofofi suna roƙon matan gida su ware ragowar abinci daban, busassun kaya daban, don uwa mai rarrabewa ta huta da sa hannu cikin ruɓa, takarda kuma ta iso da tsafta ta yi kuɗi. Yaran da ake toshe hanci idan sun wuce su ne suka zama masu koyar da birnin.

A watan Afrilun 2009, da murar aladu ta ɓulla a Meziko, gwamnatin Masar ta ba da umarnin hallaka aladun ƙasar baki ɗaya, kusan 300,000, tun kafin a samu ko mutum ɗaya da cutar a Masar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce matakin bai zama dole ba. An yi arangama da 'yan sanda a Manshiyat Nasir. Matsayin alade a wurinmu sananne ne, ba shi ake tattaunawa ba. Abin dubawa shi ne an cire ƙafa ɗaya daga murhu ba a tanadi madadinta ba. Da garke ya tafi, ba dalilin da zai sa mutum ya ɗauko ruɓaɓɓen abinci zuwa gidansa, sai Zabbalin suka riƙa ɗaukar roba da kwali su bar saura. Cikin 'yan watanni shara ta yi tsibi a titunan Alƙahira. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

A 2013 aka naɗa Laila Iskandar ministar muhalli, a 2014 kuma aka ba ta ma'aikatar gyaran unguwannin da suka tashi ba bisa tsari ba. A zamaninta aka matsa wajen yi wa ƙananan kamfanonin Zabbalin rajista, don su karɓi kwangila daga hukuma da sunansu. Rajista kuwa takardu ce: fom, lissafin haraji, yarjejeniya mai shafuka da za a karanta kafin a sa hannu. Iyaye da yawa ba su iya ba. A lokacin, yaran da suka fara koyon baƙi a jikin robar man gashi sun haura shekara 20.