Zaɓin Ɗan'adam a Hannun Masu Tara Bayanai: Nazarin Gwaje-gwaje Biyu na Facebook

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci gwaje-gwaje biyu da kamfanin Facebook ya yi a kan jama'arsa, ta auna su da ma'aunin malaman fiƙihu game da yarda da tilas. Matsayarta ita ce, amfani da bayanan mutum wajen karkata halinsa ba da saninsa ba tauye masa haƙƙin zaɓi ne, ko da tasirin bai taka kara ya karya ba.

Gwaje-gwajen

Ranar zaɓen majalisar dokokin Amurka na 2010, an nuna wa mutum kusan miliyan 61 saƙon tunin kaɗa ƙuri'a, yawancinsu haɗe da hotunan abokansu da suka ce sun kaɗa. Binciken da mujallar Nature ta buga a 2012 ya ƙiyasta cewa saƙon ya jawo ƙarin ƙuri'u wajen 340,000.

Na biyun ya fi tayar da hankali. A Janairun 2012, tsawon mako guda, an taɓa abin da mutum 689,003 suke gani a shafukansu: wasu aka rage musu labaran farin ciki, wasu na baƙin ciki. Masu binciken, Adam Kramer da abokan aikinsa, sun bayyana a mujallar PNAS a 2014 cewa kalaman mutanen sun bi inda aka karkata su. Babu wanda aka nemi izininsa kai tsaye.

Tattaunawa

Masu kare kamfanin sun ce sauyin bai wuce kalma ɗaya cikin dubu ba, kuma kowa ya amince da sharuɗɗa ran da ya buɗe shafi. Hujjar farko ta auna girman illa ne, alhali tambayar ta izini ce. Ta biyun kuwa ta fi buƙatar tsayawa.

Malaman fiƙihu sun yarda cewa tilas yana sauke wa mutum alhaki. To amma wanda aka tilasta ya san an tilasta shi, zuciyarsa tana iya ƙi. Wanda aka tace masa labarai bai san akwai abin ƙi ba. Yana fushi ko murna, yana zaton daga ransa abin ya fito. Don haka lamarin ya fi kusa da algus a ciniki, inda mai saye ya miƙa kuɗi da hannunsa, amma an ɓoye masa abin da da ya sani da ya fasa. Shari'a ta ba irin wannan mai saye damar warware cinikin, domin yardarsa ba ta cika ba.

Dokar kare bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta shardanta cewa yarda ta kasance bisa sani, kuma a kan takamaiman abu. Danna maɓalli ƙarƙashin dogon rubutun Ingilishi, wanda ɗan kasuwar Kantin Kwari ba zai karanta ba, bai cika wannan sharaɗi ba. Wajibi ne hukumar kare bayanai ta ƙasa ta ɗauki duk gwajin da ya shafi hali a matsayin bincike kan ɗan'adam, wanda ba ya halatta sai da izini bayyananne, cikin harshen da mutum yake ji.